Bitamin D da rashin ganin nesa: ƙwayar magani ko fita waje?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai yaron da zai karanta littafinsa tsaf, amma rubutun allon aji sai ya ƙanƙance ido kafin ya gane. Wannan shi ne rashin ganin nesa. Yawanci ƙwayar idon ce ke yin tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu tun kafin ya isa bangon bayan ido, ya fito dishi-dishi.

To, me ya haɗa shi da bitamin D? A 2014, bincike a Koriya ta Kudu da Ostareliya ya nuna masu wannan matsalar sun fi samun ƙarancin bitamin D a jininsu. Mai jin haka zai ce ai magani ya samu, a ruga kemis.

A dakata tukuna. Fatarmu ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta. Yaron da ke wuni a ɗaki, bitamin D ɗinsa zai yi ƙasa, idonsa ma bai ga haske ba. Wanne ne mai laifin? A 2017 masana suka duba mutanen da suka gaji ƙarancin bitamin D daga iyaye, ba su ga sun fi sauran rashin ganin nesa ba. Ke nan ƙarancin bitamin D ɗin shaida ne kawai cewa yaro ba ya fita.

Hasken waje ne ke aikin. Masana na ganin haske mai ƙarfi kan sa ido ya saki sinadarin dofamin, wanda ke taka wa tsawon ƙwayar ido burki. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara 3, kusan kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da rashin ganin nesa, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 ta ƙarfafa wa makarantu fitar da yara awa 2 kullum.

Mu a Gusau da Ƙauran Namoda, rana ba sai mun saya ba. Abin da ke damuna shi ne yara sun koma ɗaki da waya, musamman 'yan mata. Wasu iyayen kuma tsoron halin tsaro ne ya sa suke tsare su, kuma ba za a ga laifinsu ba. Amma tsakar gida ma waje ce. Ba sai an shanya yaro a zafin Afrilu ba, domin inuwar darbejiya ta ninka ɗaki haske sau da yawa. Da hantsi ko bayan la'asar ya wadatar, kuma kada ya kalli ranar kai tsaye.

Wanda idonsa ya riga ya taɓu, ƙwayar bitamin D ba za ta mayar da shi ba. Ku kai shi asibitin ido a auna, a ba shi tabarau daidai da idonsa, a kuma riƙa komawa awo duk shekara, saboda ƙarfin gilashin kan canza yayin da yaro ke girma.