Riƙe Aiki da Zuƙar Iska a Ƙaramin Injin CNC

Wannan lacca ce da aka gabatar wa kafintoci da masu aikin allon talla da ɗalibai a garin Bauchi. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu kafintoci da ke zaune a gaba, ranku ya daɗe, ina gaishe ku. Ƙannena ɗalibai da suka taso daga Gwallameji da Yelwa, da 'yan'uwa masu aikin allon talla, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa kunna ƙaramin injin CNC, wato injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ko samfurin 3018 ne ko 6090, ya san ciwon kan riƙe aiki. Ka ɗaure da kilam, baki, wato ƙarfen da ke juyawa yana yankan, ya zo wucewa ya ci kilam ya karye, kuma kun san tsadar baki guda. Ka buga ƙusa, ka ɓata wa mai kaya allonsa. Idan kuwa filawud ne siriri mai milimita 3, kana ɗaure gefe tsakiya tana tasowa, sai rubutu ya yi zurfi a nan, ya yi sama-sama a can. Manyan masana'antu sun daɗe da rabuwa da wannan matsala, suna da tebur mai zuƙar iska, sai dai famfonsa kaɗai ya fi ƙarfin aljihunmu. Abin da zan nuna yau shi ne yadda za mu haɗa namu da kayan da ke cikin garin nan.

Amma kafin kowa ya tafi sayen wani abu, akwai magana ɗaya da nake so ta zauna. Ba famfo ne ke riƙe aikin ba. Iskar da ke samanmu ce ke danne shi. Ku tuna ƙahon wanzami. Ya ɗora a bayan mutum, ya zuƙe iskar ciki, ya toshe ɗan ramin, ƙaho ya kama gam. Wanzami ya saki, ya koma gefe, ƙaho yana nan daram. Wa ke riƙe da shi? Iskar waje ce, tunda an rage ta ciki babu mai ture ta. Kuma da zarar an buɗe ramin nan, ƙaho ya faɗi. Teburin da za mu yi ke nan, babu ragi babu ƙari.

Nauyin iskar nan ba wasa ba ne. A bakin teku, kamar Legas, kowane murabba'in santimita ɗaya yana ɗauke da kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. A ƙarni na 17, magajin garin Magdeburg na ƙasar Jamus, Otto von Guericke, ya haɗa ƙoƙuna biyu na tagulla baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawakai takwas ta nan, takwas ta can, suka kasa raba su. Mu a Bauchi muna kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, saboda haka namu kilo ɗaya ne saura kaɗan. Shi ya sa idan ka ɗaura gejin masu gyaran AC, wanda ke ƙirgawa zuwa 30, allura ba za ta wuce wajen 28 ba komai kyawun famfonka. Kada ka ce famfo ya mutu, ka je ka yi rigima da wanda ya sayar maka. Mutanen Jos ma nasu bai kai namu ba.

To mu yi lissafi, don a nan ne mutane ke asarar kuɗi. Allo mai santimita 30 tsawo, 30 faɗi, murabba'i 900 ke nan. Idan famfo ya cire kashi 80 cikin 100 na iskar ƙarƙashinsa, nauyin da ke danne shi ya kusa kilo 700. Idan injin zuƙar ƙura ne, wanda ba ya cire fiye da kashi 20, za ka samu wajen kilo 170. Shi ma ya wadatar. Yanzu ɗauki ɗan harafin da ka yanke, mai santimita 5 da 5. Murabba'i 25 ne kacal. Da famfo mai ƙarfi, kilo 20 ba kaɗan. Da injin zuƙar ƙura, kilo 5 ma bai cika ba. Sannan ku lura, baki ba sama kawai yake jan aiki ba, gefe yake tura shi, kuma abin da ke hana katako zamewa a kan katako bai wuce sulusi zuwa rabin nauyin da ke kansa ba. Ka ga ɗan harafin nan da kilo biyu ake riƙe da shi. Dole ya yi tsalle. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: wane girman aiki na fi yi? Tambaya ta biyu: ta ina iska za ta yi yoyo? Amsoshin nan biyu su za su zaɓa maka famfo.

Hanya ta farko ta masu babban allo ce, masu yanka ƙofofin kabet da manyan haruffa. Kana yanka har ƙasa, kowane layi da ka buɗe ƙofa ce ta yoyo, don haka kana bukatar abin da ke kwasar iska da yawa ko da ba shi da zurfin ja. Injin zuƙar ƙura ke nan. Za ka ɗauki MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai milimita 18, ka sa injin naka da kansa ya tsaga masa kwatoci a tsaye da a kwance, faɗin milimita 6, zurfi ma kusan haka, tazara kamar santimita 3. Ka huda rami inda bututun PVC zai shiga. Ka shafe shi gaba ɗaya da fenti ko gam na katako da aka sirka da ruwa, sau biyu, har cikin kwatocin, don kada iska ta ratsa. Sai ka ɗora wani MDF ɗin a sama, shi ne allon shimfiɗa, wanda baki zai riƙa karta.

A nan mutane ke mamaki, suna tambaya ina ramukan da iska za ta bi. Ba sai ka huda ba. MDF garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, iska tana ratsa shi. Sai dai fuskokinsa biyu sun sha matsi da zafi a masana'anta sun toshe, saboda haka dole ka kankare kamar rabin milimita a sama, ka juya ka kankare a ƙasa. Gefuna huɗu kuwa ka toshe su da fenti, in ba haka ba rabin ƙarfinka ta nan zai tsere. Kuma idan kun je kasuwar katako ku buɗe ido. Yawancin abin da za a miƙo muku mai rufi ne, na kabet, mai santsi. Wannan iska ba ta ratsa shi. Tsirara za ku nema, wanda ba a liƙa masa komai ba.

Teburin ku raba shi gida biyu ko huɗu, kowane gida da bawul ɗinsa, irin na masu aikin famfon ruwa. Inda aiki bai rufe ba, ku rufe da leda ko guntun allo mai rufi. Wannan ledar da ba ta da kuɗi, wallahi ta fi ƙarin famfo amfani.

Gargaɗi ɗaya a kan injin zuƙar ƙura. Da yawansu, iskar da suke zuƙa ita ce ke sanyaya musu moto. Ka toshe baki ka bar shi sa'a guda a zafin watan Afrilu na Bauchi, zai ƙone. Ko dai ka nemi mai fankar sanyayawa daban, ko ka bar ɗan rami a bututu da iska za ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan, ka kuma riƙa taɓa jikinsa.

Hanya ta biyu ita ce na fi so ga mai ƙaramin inji, kuma ita ce ta fi dacewa da mai amfani da inbata, don ba ta cin wuta. Kwamfuresan tsohon firij. Shi ba ya kwasar iska da yawa, amma janshi mai zurfi ne. Ƙaramin yoyo ya ishe shi kasala, don haka allon shimfiɗa na MDF ba nasa ba ne. Abin da yake so shi ne farantin da iska ba ta ratsa shi: allon roba na yanka nama, ko guntun akirilik mai kauri da masu allon talla ke zubarwa. Ka tsaga masa kwatoci, ka huda ramin bututu kamar na ɗazu, sai ka nemo igiyar roba mai laushi, mai soso, ka cusa a kwatar da ta kewaye girman aikinka. Zurfin kwata ya gaza kaurin igiya da kamar milimita ɗaya, yadda za ta ɗan leƙo, aiki ya zauna ya matse ta. Bakinta biyu a haɗa da sufa gulu. Idan igiyar ta yi wuyar samu, je wajen masu ɗinkin takalma ka sayi faifan soso, injin naka ya yanka maka shi siriri. Gobe aiki ya canza girma, ka zare igiya ka canza mata kwata. Wannan faranti, ga zanen allon lambar yabo, ga rubutu a akirilik, ga sunayen ƙofa, babu kamarsa, domin fuskar aiki duk a buɗe take.

Kwamfuresa kuwa, ina roƙon ku da girman Allah, kada ku datse bututun firij da kanku. Firij na yanzu da yawa gas ɗinsu R600a ne, kuma yana kama wuta. Ku je wajen mai gyaran firij, shi zai cire muku, ya gwada, ya nuna muku bututun da ke zuƙa da wanda ke hurawa, na ukun ya toshe shi. Kada ku cire wa kwamfuresan na'urarsa ta tayarwa da ta kariyar zafi. A bakin zuƙa ku sa matatar mai ta mota, mai gilashi, don ƙurar MDF da ta hunturu idan ta shiga ta gama da shi. Bakin hurawa yana feso mai, ku kai shi cikin kwalba. A cikin firij, gas ɗin da ke dawowa ne ke sanyaya shi, yanzu babu, sai ku ajiye masa ƙaramar fanka. Idan ya mutu, a ba shi minti biyar kafin a sake kunnawa. Wanda ke da hali, famfon da masu gyaran AC ke zuƙe bututu da shi ya fi ƙarfi, amma yana fitar da tururin mai, sai a waje.

Sai maganar wuta, wadda ta shafe mu fiye da mutanen da suka ƙirƙiro wannan dabara. Akwai masu ɗora injin CNC a kan inbata don kada aiki ya tsaya, su bar famfo a kan wutar gari. Wannan haɗari ne babba. Wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, aiki ya saku, baki kuwa yana ci gaba da juyawa dubbai a minti. Ku haɗa su a layi ɗaya. Sannan tsakanin kwamfuresa da faranti ku sa ɗan tanki da bawul mai hana iska komawa. Guntun bututun PVC mai kauri da murfi biyu ya isa. Zai riƙe aikin har baki ya gama tsayawa. Tukunyar gas ta girki kada wanda ya huda ta ko ya kai mata walda.

A nan wani dattijon kafinta ya yi tambaya a kan ƙananan haruffa da ke tashi idan an kusa gama yanka.

Baba, wannan ita ce iyakar dabarar, kuma gara a faɗe ta. Lissafin ɗazu ba ya canzawa. Abin da za a yi shi ne kada a yanka har ƙasa a zagayen farko. A bar fata siririya kamar rabin milimita, allon ya zauna a haɗe, iska tana danne shi gaba ɗayansa. Sai a dawo zagaye na ƙarshe a hankali, lokacin babu nauyi a baki, a fara da ƙananan kafin manya. Ko a bar 'yan gadoji a yanke da wuƙa daga baya. Akwai kuma bakin da murɗinsa ke tura katako ƙasa, ya fi mai jan sama dacewa da wannan aiki, sai dai yana cusa gari a cikin layi, a rage masa gudu. Idan abin ya ƙanƙance ƙwarai, a bar iska, a liƙa salatif na takarda a tebur, a liƙa wani a bayan aiki, a haɗa bayansu da sufa gulu. Yana riƙewa sosai, kuma ana ɓarewa ba tabo.

Wani ɗalibi ya ce nasa teburin ya yi aiki da rani, da damina ta sauka ya daina kamawa.

Ƙanena, MDF ne ya sha laima ya kumbura, fuskarsa ta daina zama daidai. Ka sake kankare saman, ka duba fentin gefuna, ka riƙa rufe shi da leda idan an tashi aiki. Ka duba katakon ma, idan ya lanƙwashe, juya shi cikinsa ya kalli tebur, ka danna da hannu har ya kama. Kuma duk lokacin da za ka kankare MDF ka sa takunkumi na gaske, domin gam ɗin da ke cikinsa da garinsa suna cutar da huhu. Kafin ka danna maɓallin farawa, kama aikin da hannu biyu ka tura shi gefe da ƙarfinka. Idan ya motsa ko kaɗan, kada ka kunna, tashi ka nemi inda yake yoyo. Ka bi gidajen haɗin bututu da kunne, ko ka kunna turaren tsinke ka bi da shi, inda hayaƙi ya karkata ya shige, nan ne.