Targaɗen Idon Sawu a Filin Unguwa: Me Ɗan Wasa Zai Yi Kafin Ya Koma Fili?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa dattawan ƙungiya da masu horarwa da suka haɗa wannan zama, ina kuma gode wa ƙannena matasa da suka haƙura da atisayen yammacin yau suka zo suka zauna. An nemi in yi bayani a kan raunin idon sawu, ni kuma zan karkata maganar ga ɗan wasan da ba shi da albashi kuma ba shi da likitan kulob, wanda da safe yake shago ko makaranta ko bisa babur yana neman na abinci, da la'asar kuma ya ɗaura takalmi ya shiga fili. Shi ne ya fi kowa samun wannan rauni, kuma shi ne ya fi kowa komawa wasa ƙafar ba ta warke ba.

Yadda abin yake faruwa duk kun sha gani. Yaro ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, ya sauko a kan ƙafar abokin karawarsa, ko kuma yana cikin gudu ƙafarsa ta faɗa ɗan ramin da ruwan damina ya bari, sai tafin ƙafar ya juya ciki, nauyin jiki gaba ɗaya ya koma kan gefen waje. A wannan gefe akwai jijiyoyi uku da suke riƙe ƙashin ƙwauri da ƙasusuwan ƙafa, kuma ta gaba a cikinsu ita ce mafi rauni, ita ce ke fara miƙewa ko tsinkewa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na targaɗen idon sawu ta wannan hanya yake zuwa. Idan jijiyar miƙewa kawai ta yi, mako ɗaya zuwa uku yakan isa. Idan wani ɓangare nata ya yage, sai a lissafa mako uku zuwa shida. Idan kuwa ta tsinke gaba ɗaya, ko raunin ya hau sama ya taɓa jijiyar da ke haɗa ƙasusuwan ƙwauri biyu, to magana ta koma ta watanni.

Tambayar farko a bakin fili ita ce, targaɗe ne ko karaya? Girman kumburi ba ya ba da amsa, domin akwai targaɗen da ƙafa za ta yi suntum, akwai kuma tsagewar ƙashi da kumburinta bai kai haka ba. A shekarar 1992 likitocin sashen gaggawa a birnin Ottawa na ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Dokta Ian Stiell, suka fitar da wasu ƙa'idoji da har yau ake aiki da su a asibitocin duniya, kuma mai horarwa ma zai iya riƙe su. A duba ko ɗan wasan zai iya taka ƙafar ya yi taku huɗu, ko da yana ɗingishi. Sannan a bi da yatsa ta bayan ƙashin nan da ya turo a kowane gefe na idon sawu, daga ƙarshensa zuwa sama kimanin santimita 6, a danna ƙashin kansa. A kuma danna gindin ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa na waje, da ɗan ƙashin da ke tudun ƙafa ta ciki. Idan ya kasa takun nan huɗu, ko ya zabura da aka danna ɗaya daga wuraren nan, to a kai shi a ɗauki hoton ƙashi. Mutanen Kano suna da Asibitin Ƙashi na Dala, sauran garuruwa kuma babban asibitin gwamnati ya wadatar.

A nan dole in taɓo maganar masu ɗori, kuma zan yi ta da girmamawa, domin da yawansu sana'ar gado ce a hannunsu, kuma su ne mafi kusa da talaka. Amma abin da aka saba yi wa targaɗe a ranar farko, wato a ja ƙafar da ƙarfi, a murza ta, a gasa da ruwan zafi, a shafa man zafi, shi ne daidai abin da jijiyar da ke zubar da jini a ciki ba ta so. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, kumburi ya ƙaru, ja kuma yana iya ƙarasa abin da ya rage bai tsinke ba. Mafi haɗari shi ne ɗauri mai tsanani da karare a kan ƙafar da ke ci gaba da kumbura. Idan kuka ga yatsu sun yi sanyi, sun canja launi, ko mai ƙafar ya ce ba ya jin su, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, saboda likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke ƙafafun da ɗauri ya kashe, alhali raunin asali bai kai ya kawo ba.

Kwana biyu ko uku na farko aikin ɗan wasa kaɗan ne. Ya ɗaga ƙafar bisa matashi ta ɗara ƙirjinsa idan ya kwanta, ya naɗa bandeji mai roba daga yatsu zuwa ƙwauri ba tare da matsewa ba, ya riƙe sanda idan taku yana yi masa zafi. Ƙanƙara kuma, ledar ruwa guda da ta daskare a naɗe cikin tsumma ta isa, minti 15 zuwa 20 a kowane karo, kada a ɗora ta kai tsaye a fata. Sai dai kada a ɗauke ta a matsayin magani. Dokta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya bayyana cewa yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Ni a ganina ƙanƙara tana da amfani wajen rage raɗaɗi, kuma a nan amfaninta ya tsaya. Da zarar zafin ya lafa, a fara motsa ƙafar a hankali, ana zana haruffa a iska da babban yatsa, ana takawa gwargwadon abin da ƙafar ta yarda da shi.

Game da magani, farasitamol ya isa ga mafi yawan mutane. Masu shan diklofenak kamar gyaɗa su sani yana taɓa ciki da ƙoda, musamman ga wanda ya yi gudu cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Wanda kuma yake haɗiyar tiramadol, ko ya je kemis a yi masa allura don ya buga wasan ƙarshe na gasar unguwa, ya kashe ƙararrawar da jiki ke gargaɗinsa da ita, jijiyar kuwa tana nan a yage. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Yanzu na zo ga abin da ya fi damuna. Bayan mako biyu kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, yaro ya yi ɗan gudu a ƙofar gida ya ce ya warke. Jijiyar idon sawu ba ɗaure ƙashi kaɗai take yi ba. A cikinta akwai ƙananan sassan ji da suke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take da yadda ta karkata, ƙwaƙwalwa kuma ta umarci tsokar gefen ƙwauri ta daidaita ta tun kafin mutum ya ankara. Bayan rauni wannan saƙo yana makara, kamar maigadin da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa, sai ɓarawo ya shige sannan ya farka. Shi ya sa ƙafar da ta taɓa gurɗewa take sake gurɗewa a kan ɗan dutsen da da can ba za ta kula da shi ba. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka yi targaɗen farko ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 suna fama da ƙafa mai kuɓucewa bayan shekara guda, kuma maimaita raunin yana cinye guringuntsin gaɓar, mutum ya kai shekara arba'in yana fama da ciwon gaɓa irin na tsofaffi.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi. Ka tsaya da ƙafar mai ciwo ita kaɗai kusa da bango na daƙiƙa 30, ka maimaita sau da yawa a rana. Idan ya yi sauƙi ka rufe ido, za ka ga yatsunka suna kama ƙasa, idon sawun yana rawa, kuma wannan rawar ita ce atisayen. Daga nan ka hau kan matashi, sannan abokinka ya riƙa jefo maka ƙwallo kana cafewa a tsaye da ƙafa ɗaya. Ka yanko tsohon tiyub na keke ka ɗaura a ƙafar gado, ka maƙala ƙafarka kana turawa waje don ƙarfafa tsokar gefe, ka kuma riƙa ɗaga dunduniya kana sauke ta a hankali. Minti goma a rana na mako shida zuwa takwas yana rage yiwuwar sake rauni sosai. Wanda ya samu hali ya je sashen gashin ƙashi na asibiti ko sau biyu ne, a duba shi a tsara masa.

Manyan 'yan wasa ma wannan gaɓa ta gwada su. Marco van Basten na Holan, wanda ya lashe kyautar Ballon d'Or a 1988 da 1989 da 1992, ya daɗe yana wasa a kan idon sawu mai ciwo, aka yi masa tiyata sau da dama, wasansa na ƙarshe kuma shi ne wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1993 tsakanin AC Milan da Marseille, yana ɗan shekara 28. Stephen Curry na ƙwallon kwando a Amurka an yi masa tiyata a idon sawu a 2011 da 2012, ya zauna ya sake gina ƙarfin ƙugu da daidaiton jikinsa, ya riƙa sa takalmin kariya na idon sawu, ya dawo ya zama gwarzon gasar NBA a 2015 da 2016.

Na san zaman bakin fili yana da ciwo. Abokai za su ce kana da raki, wani ya karɓe lambarka, idan kuma da ƙafar kake neman abinci, ga damuwar gida. Shawarata ita ce kada ka ƙaurace wa fili. Ka zo atisaye, ka yi na ciki da ƙirji da tuƙa keke, ka yi naka na tsayuwa a gefe yayin da ake wasa. Ku kuma masu horarwa, ku gwada yaro kafin ku mayar da shi. Ya yi tsalle da ƙafar ita kaɗai sau goma gaba da gefe, ya yi gudu yana zagaye duwatsu biyu yana juyawa da sauri, sannan a duba ƙafar washegari. Idan ta kumbura ko ya yi ɗingishi, lokaci bai yi ba. Idan ya koma, ya riƙa ɗaure idon sawun da bandeji ko abin kariya na aƙalla wata shida, kuma a lokacin rani da ƙasa ta yi tauri ya guji takalmi mai dogayen ƙusoshi. Ƙungiya kuma ta ware rana ɗaya kafin gasa a tsince duwatsu a cike ramukan fili.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, don haka masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara daga masu horarwa.