Kilisa da kwanan bakin teku a Legas: a fara shirya doki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mahaya. In kun yi shawarar fita kilisa a ƙungiya, ku kwana a bakin teku wajen Eleko ko can gefen Badagiri, to ku saurara, don hawan Legas daban yake da na filin Idi a Kano.

Lokaci tukuna. Ku saka fitar tsakanin Nuwamba da Maris. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama ba ya sallama, kuma Yuni ya fi kowane wata jiƙa mutum. A yi sammako bayan asuba, kafin hanyar Lekki zuwa Epe ta cushe dawaki su galabaita a cikin mota.

Yanzu ku dubi ƙasar nan da kyau. Wannan busasshen yashin da kofato ke nutsewa a ciki, shi ne ke raunata jijiyar ƙafar doki. Sukuwa a kansa ganganci ne, komai zumuɗin samari. Ku bi ɗanyen yashi na kusa da ruwa, ya fi tauri, amma ido na kan igiyar ruwa. Teku na cika yana janyewa sau 2 a kwana guda, shi ya sa ake kafa tanti da turke can sama da inda ruwa ya bar tarkace jiya.

Yashin nan ma har ciki yake shiga. Wanda ya zube wa doki harawa a ƙasa, dokin zai haɗa da yashi, ya taru a hanji, sai ciwon ciki cikin dare inda babu likitan dabbobi. A shimfiɗa tamfol, dusa kuma a zuba a daro. Ku taho da abincin da ya saba ci, a sayo harawa tun a kasuwar dabbobi ta Agege, ba ranar tafiya ake sauya wa doki cima ba.

Ruwan sha fa? Doki ɗaya kan sha lita 25 zuwa 50 a yini, a zafin Legas ma ya fi. Dawaki 8 ke nan jarka mai lita 25 har guda 16. Mutane sun fi manta wannan lissafin, sai ka ga an cika mota da lemo da nama.

Kafin a ɗora sirdi, shafa bayan dokin da tafin hannu. Ƙwayar yashi kaɗan a ƙarƙashin sirdi, ga gumi, kafin azahar ta zama miki. Bayan an sauka a ɗauraye linzami da likkafa da ruwan daɗi, gishiri na cin ƙarfe, yana busar da fata.

A kan hanya, wanda ya san wurin shi ne gaba, doki mai harbi a baya, ingarma nesa da goɗiya, a bar tazarar doki guda tsakani.

Wurin kwana kuwa, a tura mutum tun da wuri ya gai da baale, wato mai garin ƙauyen, ya nemi izini. Kowa da gidan sauronsa da tocila. In akwai duhuwar itatuwa ko fadama kusa, a nisanta turaku, nan tsando ke zama, shi ke kawo sammore. Gadi kuwa bibbiyu, ana karɓeɓeniya har asuba.