Lacca: Fulagin na Maski da Gyaran Launi a Hoto

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa huɗu na shirya mana yau: mene ne fulagin, yadda ake fitar da maski, gyaran launi, sai kuma matsalolin da ke tasowa wajen saka su a kwamfuta.

Fulagin ƙaramar manhaja ce da ake jona wa babba, irin su Photoshop, Lightroom ko GIMP, ta ƙara mata wani aiki ko ta gajarce mata hanya. Iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune a cikin Photoshop kamar allon maɓallai, yana danna maka umarnin da Photoshop ke da shi tun asali, irin su TK9, Lumenzia da Raya Pro. Akwai kuma wanda ke ɗauke hoton zuwa tagarsa, ya yi nasa lissafin, ya dawo maka da shi, kamar Nik Collection. Ku riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

Maski kuwa labule ne da ake rataya wa leya, wato shimfiɗar da ake ɗora gyara a kanta a saman hoto. Inda labulen ya yi fari, gyaran ya fito. Inda ya yi baƙi, gyaran ya ɓuya. Toka-toka kuma ya bar wani kaso ya wuce. Fari ya nuna, baƙi ya ɓoye. Ku maimaita a zuci, don duk sauran zancen a kan wannan yake tsaye.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai. Yawancin masu koyo burushi suke ɗauka su bi gefen abu da hannu. In kwalba ce ko mota, ba laifi, gefensu a miƙe yake. To bishiya fa, mai ganye dubu da sararin sama na leƙowa ta tsakaninsu? Ko gashin da iska ta ɗaga? Hannu ba zai iya ba, ko na wane ne. Amma shi hoton da kansa ya riga ya san inda kowane ganye ya ƙare, tunda sama haske ce, ganye kuma duhu. Me zai hana a ce wa hoton ya zana nasa labulen? Wannan shi ake kira maskin haske. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Tony Kuyper, shi ya yaɗa hanyar da bayanin da ya wallafa a 2006, daga baya ya yi fulagin ɗin TK. Greg Benz ya yi Lumenzia, Jimmy McIntyre ya yi Raya Pro. Duk su ukun a kan tushe ɗaya suka yi gini.

Bari in nuna muku da hannu, ba fulagin, don ku ga abin da maɓallin ke yi a ɓoye. A Photoshop, ka buɗe Channels, wato tashoshin launin hoton: ja, kore da shuɗi, da RGB mai haɗa su. Ka riƙe Ctrl, masu Mac ku riƙe Command, ka danna ɗan hoton RGB. Shi ke nan, ka zaɓi hasken hoton. Amma zaɓen ba na e ko a'a ba ne. Kowane ɗigo na hoton yana da lambar haske daga sifili zuwa 255. Ɗigon da ya kai 255, wato fari tas, an zaɓe shi ɗari bisa ɗari. Na tsakiya, wajen 128, an zaɓe shi rabi. Baƙi ƙirin, sifili, ba a taɓa shi ba sam. Kun ga kyan abin? Babu wani layi da aka yanka, gyaran zai riƙa raguwa ne a hankali kamar yadda hasken kansa yake raguwa. Shi ya sa ido ba ya gane inda aka taɓa.

Sai ka adana wannan zaɓen. In kana son ka matse shi ya koma kan wurare mafi haske kaɗai, ka riƙe Ctrl da Alt da Shift, ka danna wanda ka adana. Lissafin ninkawa ne: rabi sau rabi ya zama kashi 25, amma wanda yake kashi 90 ya sauka zuwa 81 kawai. Wato na tsakiya sun zube da yawa, masu haske sun tsaya. Ka sake, ya ƙara matsewa. In duhu kake so, ka juya zaɓen farko da Ctrl, Shift da I, ka bi wannan hanyar. Na tsakiya kuwa, ka zaɓi hoton duka, ka cire na haske, ka cire na duhu, abin da ya rage shi ne naka. Waɗannan maɓallan da kuke gani a jere a fulagin, haske na ɗaya, na biyu, na uku, duhu na ɗaya, na biyu, wannan lissafin ne ba wani abu ba.

Na ga wani ɗan'uwa can yana girgiza kai, yana cewa to me ya sa zan nemi fulagin tunda ga shi a hannu. (Dariya.) Tambayar tana kan hanya. Dalili biyu ne. Na farko, gani: fulagin zai nuna maka maskin baƙi da fari a cikakken allo nan take, ka gwada wannan, ka gwada wancan, kafin ka zaɓa. Na biyu ya fi nauyi. Zaɓen Photoshop, wannan layin da ke tafiya kamar jerin tururuwa, bit 8 ne, mataki 256 kacal, ko da fayil ɗinka bit 16 ne. In ka ninka shi sau uku ko huɗu, sannan ka ja shi da Levels, abin matsa fari da baƙi, matakan sai su ragu, sararin sama ya fito da zobe-zobe maimakon ya zuba sumul. Fulagin masu kyau suna yin lissafin a bit 16, inda Photoshop ke da mataki sama da 32,000, su sa maskin a kan leya kai tsaye ba tare da sun bi ta zaɓe ba. Don haka fayil ɗinka ma ya zama bit 16 tun daga fitowarsa daga RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara. Mayar da JPEG zuwa 16 ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar.

Tunda na ambaci tururuwan nan: kada su ruɗe ku. Suna zagaye ɗigon da aka zaɓa fiye da rabi ne kawai. Wani lokaci Photoshop zai fito da gargaɗi cewa babu ɗigon da zaɓensa ya wuce kashi 50, mutum ya ɗauka aikin ya lalace. Bai lalace ba, zaɓen na nan, ba a ganinsa ne. Ka danna Ctrl da H ka ɓoye su ma gaba ɗaya, ka dubi maskin kansa ta hanyar riƙe Alt ka danna shi.

Ga wata dabara kuma, har yanzu a kan bishiya da sama. Wajen auna haske, kore ke ɗaukar kusan kashi 59, ja kashi 30, shuɗi kashi 11 kawai. Ma'ana sama mai shuɗi sosai ba ta da haske a wannan ma'aunin kamar yadda ido ke zato, sai maskin ya fito toka-toka, bai raba komai ba. Ka bar RGB, ka duba tashar Blue ita kaɗai. A can sama fari ce fat, ganye kuma baƙi. Ka kwafe ta, ka matsa da Levels har su rabu. Lumenzia da TK duk suna da maɓallin zaɓen tasha, mutane ne ba sa kula da shi.

Abin da ke lalacewa? Farin zobe a gefen abu. Ka rage hasken sama da yawa, sai ka ga siririn layi mai haske ya bi gefen dutse ko rufin gini. Dalili shi ne ɗigogin gefe gauraye suke, rabi sama rabi dutse, maskin bai kama su sosai ba, sai suka tsaya da haskensu na da. Magani: ka danna maskin, ka sa masa Maximum na ɗigo 1 don farin ya ɗan ci gaba, ko Minimum in baƙin kake so ya ci, sannan Feather na 0.5 zuwa 1 don tausasa gefen. In zoben bai tafi ba, gyaran ne ya yi yawa, ka sassauta. Sannan a duba a girman kashi 100, don a ƙaramin gani komai lafiya yake.

Kuma kada a ɗora maskin a kan hoton duka a tafi. Ka sa leyar Curves, mai gyara haske, a cikin rukuni tare da maskin haskenta, ka ba rukunin baƙin maski, ka shafa fari da burushi mai taushi, Flow kashi 5 zuwa 10, a inda kake so kawai. Maski biyu ke nan suna aiki tare: ɗaya ya san gefe, ɗaya ya san wuri. Wannan, wallahi, shi ya fi komai amfani a abin da zan faɗa yau. Ɗaya ya san gefe, ɗaya ya san wuri.

Masu basirar na'ura fa, wato kayan da ke zaɓo abu da kansu? Select Subject ya shigo Photoshop a 2018, Lightroom ya samu zaɓen sama da na abin da aka ɗauka a 2021. Suna da sauri ƙwarai, ku yi amfani da su. Sai dai hasashe suke yi, suna ɓata a gashi, gilashi, hayaƙi da raga. Ka bar na'ura ta nuna wurin, maskin haske ya gyara gefen. A Lightroom akwai Intersect don wannan: ka zaɓi sama, ka haɗa da Luminance Range.

To, na uku. Lokaci ya ja, mu shiga launi kawai. Ƙa'ida ɗaya: a gyara kafin a yi ado. Allonka ya zama an daidaita shi da na'urar awo, fari a 6500K, gama 2.2, hasken allo tsakanin 80 zuwa 120 a ma'aunin cd/m². In allon ya karkata zuwa shuɗi, duk hotunanka za su fito da ɗorawa a allon wasu. Sai katin launuka na ColorChecker mai gida 24: ka ɗauke shi a hasken da za ka yi aiki, fulagin ɗinsa na Lightroom ya gina wa kyamararka bayanin launi nata. Wajen daidaita fari, ka danna gidan toka mai haske da ke kusa da farin, don shi farin yana iya ƙonewa. Nik Collection kuwa, wanda Google ya saya a 2012, DxO ya karɓa a 2017, ƙarfinsa yana wajen U Point. Ka ajiye ɗigon U Point a kan riga, ya duba launi da hasken wurin, ya gyara masu kama da shi a cikin da'irar. In ya malala kan bango, ka ajiye wani ɗigon a bangon ba tare da ka motsa komai ba, zai kare shi. Kun ga nan ma maski ne, ɓoye shi kawai aka yi.

Maganar sakawa, a gurguje. Irin fulagin mai ɗauke hoto zuwa tagarsa, ka mayar da leyar Smart Object tukuna, wato leyar da ke barin a koma a sake gyaran, in ba haka ba gyaran ya daskare, ba komawa. Daga Lightroom kuma ka tura TIFF bit 16. Masu sababbin Mac, in tsohon fulagin ya ɓace daga jeri, na tsohon tsarin fulagin na Adobe ne, CEP, ku nemi na sabon tsarin, UXP. Wanda ke kan GIMP akwai G'MIC kyauta, manhajar darktable ma tana da maskin haske a jikinta. Saura... na'am, Malama, bismillah.

(Wata daga cikin mahalarta: Malam, ni matsalata fatar mutum mai duhu. Da na ƙara haske sai ta koma toka-toka, in na ƙara launi kuma ta yi ja. Wane fulagin ne zai gyara min?)

Na gode da wannan tambaya, Malama, mu ƙarasa lokacin a kanta. Kafin a kai ga fulagin, mu ga me ke faruwa. Fata mai duhu tana da sheƙi, sheƙin kuma launin fitila ko na sama yake ɗauka, ba na fatar ba. In mutum yana inuwa a waje, goshinsa da kumatunsa shuɗin sama suke maidowa. Da kin ja Shadows sama, wannan shuɗin kike ɗagawa, shi ne tokar da kike gani. Sai ki ƙara Saturation don ki rama, shi kuma ya fi kama jan da ke wurare masu duhu. Kin ga an samu toka a sama, ja a ƙasa.

Ga yadda za ki bi. Ki daidaita fari tukuna da katin toka. A Lightroom ki shiga zaɓen mutane, wanda ya zo a 2022, ki zaɓi fatar fuska da ta jiki tare, don kada fuska ta bar wuya da hannu a baya. Ki ɗaga da Exposure kaɗan, kamar 0.3, ki bar Shadows. Sai ki yi maski na biyu, fatar haɗe da Luminance Range na wurare masu haske, ki tura Temp ɗinsa kaɗan zuwa ɗumi. Sheƙin kaɗai kika taɓa ke nan. Kada ki kashe shi gaba ɗaya, shi ke nuna siffar fuska. In a Photoshop kike, leyar Curves da kika ƙara haske da ita ki sa ta a Luminosity don kada ta taɓa launi. Sannan ki ajiye ma'auni a kumatu, inda ba sheƙi ba inuwa, ki karanta lambobin: ja ya fi kore, kore ya fi shuɗi. In shuɗi ya kusa kamo kore, tokar na nan. In ja ya yi wa kore nisa ƙwarai, kin wuce.

(Ta sake tambaya: In fitila biyu ce a ɗakin fa, ta taga da ta rufi?)

To nan fari ɗaya ba zai wadatar ba. Hasken rana yana wajen 5500K, kwan fitila mai ɗumi yana wajen 3000K. Ki daidaita wa gefen da ya fi yawa a fuskar, ɗaya gefen ki ja masa Linear Gradient, ki haɗa da maskin fata, ki gyara Temp da Tint nasa daban. Hoton yana tare da ke? Na RAW? Yawwa, kawo shi nan mu sa a allo kowa ya gani. Na kusa da ƙofa, a taimaka a kashe mana fitilar gaba.