Guduma da Ɗakin Karatu: Yadda Wayewa Ke Rushewa a Ƙagaggun Labarai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sauraro. Maganar da zan yi a yau ta shafi ƙagaggun labaran da ke kwatanta rayuwa bayan wata annoba ko wani yaƙi ya kusa shafe 'yan Adam daga doron ƙasa. Tsohon fage ne a adabin Turawa, domin tun a shekarar 1826 Mary Shelley ta fitar da The Last Man, Jack London kuma ya biyo baya da The Scarlet Plague a 1912. Amma zan tsaya ne a kan littafi guda, wato Earth Abides na George R. Stewart, wanda ya fito a Amurka a 1949, saboda a ganina shi ya fi sauran gane inda raunin wayewa yake.

Tauraron labarin, Ish, ɗalibin jami'a ne da maciji ya sara yana cikin duwatsun Kalifoniya, kuma kafin ya warke ya sauko gari, annoba ta riga ta cinye kusan kowa. Abin lura shi ne, gari bai rushe nan take ba. Wutar lantarki ta ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, domin injinan madatsun ruwa suna juyawa ba mai kula da su. Ruwan famfo ya yi shekaru yana zuba. Shaguna kuwa cike suke da abincin gwangwani. Wannan yalwar ce ta cuci tsirarun da suka tsira, domin wanda ke buɗe gwangwani ya ƙoshi ba ya ganin dalilin koyon noma, balle gyaran bututun da bai riga ya fashe ba. Ranar da famfo ya ƙafe, ba a samu ko mutum ɗaya a cikinsu da zai iya gyara shi ba.

A nan nake so ku dakata da ni. Babban ɗakin karatun jami'ar Berkeley da ke Kalifoniya yana nan tsaye, littattafansa ba abin da ya taɓa su, Ish kuma ya buɗe makaranta domin koya wa yara karatu. Yaran ba su ga amfanin haruffa ba, tun da babu abin da suke buƙata a rayuwarsu wanda sai da karatu ake samunsa. Ɗansa Joey ne kaɗai ya kama, shi ma zazzaɓin taifot ya ɗauke shi yana ƙarami, daga nan kuma makarantar ta mutu. Wannan wurin yana taɓa ni a duk lokacin da na karanta shi, watakila don ni ma malami ne.

Wanda ya karanta littafin Muƙaddima na masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rubuta a 1377, ba zai ji wannan a matsayin sabon abu ba. Shi kansa annobar da ta faɗa wa Tunis a 1348 ta raba shi da iyayensa da wasu malamansa, kuma ya bayyana cewa sana'a ba ta samuwa sai da mai koyarwa, sa'annan idan birni ya kama hanyar lalacewa, sana'o'insa kan janye daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya Ish ya haƙura da littattafai, ya koya wa yara yin kwari da baka, domin ya san harsashin da aka gada zai ƙare wata rana. Gudumar da ya tsinta tun farkon labarin kuwa, jikokinsa sun mayar da ita abin tsoro da girmamawa, har suna shakkar taɓa ta. A lokacin tsufansa ya ga samari suna buge tsofaffin sulallan Amurka suna yin kan kibiya da su, ba wanda ya san abin da aka rubuta a jikinsu.