Nicodemus: Garin da Jirgin Ƙasa Ya Tsallake

Masu kallo, assalamu alaikum. Ku dubi wannan fili. Ciyawa ce iya ganin ido, bishiya ma sai jefi-jefi a bakin kogi. Nan arewa maso yammacin jihar Kansas ne, a tsakiyar Amurka, cikin gundumar Graham, kusa da reshen kudu na kogin Solomon. Garin da ke gabanmu sunansa Nicodemus, kuma a ƙidayar 2020 mutum 14 aka samu a cikinsa. Wani gidan gandu guda ma ya fi haka jama'a.

Baƙaƙen fata ne suka kafa shi, mutanen da ba su daɗe da fita daga bauta ba. Yaƙin basasa ya ƙare a 1865, sun samu 'yanci, amma gonakin kudu suna hannun iyayen gijinsu na dā. A can yamma kuwa akwai dokar 1862: duk wanda ya zauna a fili mai faɗin eka 160, kimanin hekta 65, ya noma shi shekara biyar, ya zama nasa. Sai wani farar fata dillalin filaye, W. R. Hill, ya haɗa kai da wani baƙar fata limamin coci, W. H. Smith, da wasu abokansu, suka kafa kamfanin garin a 1877. Aka yi ta raba takardun talla a jihar Kentucky, ana kuranta wurin kamar aljannar duniya.

A watan Satumba na shekarar, mutum wajen 300 suka iso daga yankin birnin Lexington na Kentucky. Lokacin shuka ya wuce, ga sanyi na tafe, ga babu itacen gini. To ina za a kwana? Sai suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka rufe da rassa da ƙasa mai ciyawa, suka shige. Wasu da suka ga haka, ko kayansu ba su kwance ba suka juya.

Wata baiwar Allah, Willianna Hickman, ta zo a 1878 ba ta da lafiya. Ta ba da labari daga baya cewa da ta ji maza suna shelar an iso, ta duba ko'ina ba ta ga gari ba. Mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa nan da can, ya ce garin ke nan. Sai ta fashe da kuka.

Amma fa sun yi. Kafin shekara goma ta cika, Nicodemus na da coci-coci, makaranta, otal, banki, shaguna da jaridu har biyu. Ɗaya daga cikin mazaunansa, Edward McCabe, an zaɓe shi mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya a 1882.

Abin da ya rage shi ne layin dogo. A wancan zamanin, garin da jirgin ƙasa bai bi ta cikinsa ba, hatsinsa ba ya kai wa kasuwa da riba. Mutanen garin har ƙuri'a suka kaɗa don a ci bashi a jawo kamfanin jirgi, amma haƙarsu ba ta cimma ruwa ba. A 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa layinsa ta kudancin kogin, 'yan kilomitoci kaɗan daga garin, wani sabon gari mai suna Bogue ya tsiro a wurin. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka bi jirgi. Wanda ya tsaya, fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka same shi.

Yau tsofaffin gine-gine biyar ne ake tinƙaho da su: coci biyu, makaranta, otal ɗin St. Francis, da zauren taro na farin dutse da aka gina a 1939. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta mai da wurin abin tarihi na ƙasa.

Idan kuna son ganin garin a cike, ku zo ƙarshen watan Yuli. Jikoki da tattaɓa-kunne kan dawo daga birane masu nisa don bikin tunawa da 'yanci, wanda aka faro tun 1878. A yi fareti, a ci, a sha, a ziyarci kaburburan kakanni. Ranar Litinin motoci su hau babbar hanya mai lamba 24, kowa ya kama gabansa.