Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kawo Kayan Hitachi Cikin Rakodar Sharp?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga hannun wani dattijo da ke wani ƙauye kusa da Ringim a jihar Jigawa. Ya ce yana da rakoda ƙirar Sharp mai cin manyan batura shida, wadda ya saya tun yana saurayi, kwanan baya ta daina jan kaset, ya kai ta wurin mai gyara ranar kasuwa. Da aka kwance ta a gabansa, ɗansa ya karanto sunan Mabuchi a jikin injin da ke juya kaset, ya kuma ga tambarin Hitachi a kan wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa. Tambayarsa ita ce, jabu aka sayar masa tun farko, ko kuwa wani mai gyara ne ya taɓa yi masa musanye?

To Baba, Allah ya ƙara girma, ka kwantar da hankalinka, domin abin da kuka gani ba alamar jabu ba ce, haka akasarin rakodojin shekarun 1970 da 1980 suke fitowa daga Japan. Kamfanin da sunansa ke goshin rakoda shi ne ya tsara ta, ya zaɓi kayan da za a zuba mata, ya haɗa ta, kuma shi ne zai sha zagi idan ta lalace, amma ba lallai ba ne a ce shi ya ƙera kowane abu da ke cikinta. Ai ko telan da ya ɗinka maka babbar riga ba shi ya saƙa shaddar ba, duk da haka sunansa ake kira idan rigar ta yi kyau.

Babban dalilin shi ne kuɗi. Wannan ɗan baƙin abu mai ƙafafu, wanda masu gyara ke kira ai-si, shi ne ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika, kuma masana'antar da ake ƙera irinsa tana cin dukiya mai yawa, ba ta kuwa mayar da kuɗinta sai an ƙera miliyoyi an sayar. Saboda haka kamfanonin da suka mallaki irin wannan masana'anta suna sayar wa kowa, har da abokan gasarsu a kasuwa. Mai gyara da ya san aikinsa yana gane mai kayan daga haruffan farko na lambar da ke jiki: HA na Hitachi ne, TA na Toshiba, LA na Sanyo, BA na Rohm, AN kuwa na Matsushita, wato kamfanin da muka sani da sunan National, wanda yanzu ake kira Panasonic.

Akwai kuma kamfanonin da ba su damu da sunansu ya fito a goshin rakoda ba, sun tsaya a kan abu guda har suka fi kowa iya shi. Mabuchi ƙananan injuna masu juyawa yake ƙerawa, Alps ya shahara da maɓallai da abin murɗa ƙara, Nichicon da Rubycon kuwa su ne masu 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon cikin rediyo suna riƙe wuta. A ganinmu wannan rabon aiki yana cikin abin da ya sa rakodar Baba ta daɗe haka tana magana, domin wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙera abu ɗaya ya fi wanda ya tara sana'a goma sanin inda yake lalacewa. Abin da ya sauƙaƙa cinikin shi ne kaset ɗin kansa iri ɗaya ne a duniya. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, ya kuma bar sauran kamfanoni su yi amfani da tsarinsa, don haka kowace rakoda tana jan zaren kaset da gudu ɗaya, santimita 4.76 a daƙiƙa.

Game da zargin musanye, ka sa a juya allon a duba bayansa. Dalmar masana'anta takan zauna sumul, duk girmanta ɗaya, ita kuwa dalmar da aka sa da hannu daga baya takan yi tudu, a ga ɗan ƙuna da wani abu mai kama da ƙaro a gefenta. Idan ƙafafun ai-si ɗin sun yi kama da na maƙwabtansu, to babu wanda ya taɓa shi tun daga masana'anta.

Wasiƙa ta biyu daga wani matashi ce mai koyon gyaran rediyo a Ɗanbatta ta jihar Kano, yana tambaya ko zai iya cire injin matacciyar rakodar Sanyo ya sa a cikin ta National. Malam, kana iyawa, kuma da haka tsofaffin masu gyara suke raya rakodoji tun da sabbin kayansu suka yi wuya. Sai dai ka karanta takardar da ke manne a jikin injin, ka tabbata ƙarfin wutar da yake ɗauka ya yi daidai, ko 6 ne ko 9 ko 12, ka kuma duba ɓangaren da yake juyawa, domin wani dama yake yi wani hagu, wanda ya saɓa kuwa zai tattaro zaren kaset ya cukuikuye shi. Idan ka haɗa ka ji muryar mai wa'azi ta sirance ko tana jan jiki, yawancin injunan suna da ɗan rami a bayansu inda ake sa siririn sukundireba a daidaita gudun. Kafin duk wannan, ka fara duba bel, wato siririn zoben roba da injin ke jan kaset da shi, domin robarsa takan narke ta koma kamar kwalta bayan shekaru, sau da yawa kuma injin lafiyarsa lau. Ai-si kam kada ka yi masa wannan canjin sai lambar ta zo ɗaya, saboda jerin ƙafafun na Hitachi daban yake da na Toshiba ko da aikinsu ɗaya ne.